Ledar shara mai arha ta manyan kantuna, riba ce ko asara?

Maman Sadiq:
Slm jama'ar gida barkanmu da yamma. Dan Allah tambaya gare ni akan baƙar ledar sharan nan da ake sayarwa a manyan kantuna a naɗe, musamman mai arhar da suke jerawa a can ƙasan kanta. A jikin takardar an rubuta wai mai ƙarfi ce ba ta yoyo, amma da mutum ya zuba ɓawon doya da ragowar shinkafa ya zo ɗagawa sai gindin ya buɗe, ruwan miya duk a tayil, a koma wanke dasbin ɗin da dama dan kar a wanke shi aka sayi ledar. Haka take yi wa kowa ne? Kuma mai tsadar da gaske ta fi ta ko suna kawai ake biya wa kuɗi?

Anti Rabi:
Wslm Maman Sadiq. Haka take wlh, ba ke kaɗai ba ce. Ni tun wajen yago ta daga jikin naɗin ma wani lokacin take tsagewa, maimakon ta rabu a kan layin hujin sai ta bi tsawonta, guda ɗaya ta tafi a banza ba a zuba komai ba. Araha ba ta ado ƙanwata.

Zee:
Ni kam gsky ina sayen mai arhar kuma tana min aiki. Biyu nake haɗawa ɗaya cikin ɗaya shikenan

Malam Sani mai shago:
To bari mu yi lissafi tunda an zo fagenmu. Misali kawai zan bayar dan farashi kullum canzawa yake. A ce mai arha guda 20 ce a naɗi naira 1,000, kowace ɗaya ta tashi 50. A ce mai kauri guda 10 ce naira 1,500, kowace ɗaya 150. In kin haɗa biyu irin yadda Zee take yi kin kashe 100, har yanzu kina da rarar 50. Dan haka masu cewa mai arha asara ce kai tsaye ban yarda ba, a takarda dai mai arha ce ta ci.

Anti Rabi:
Malam Sani a takarda ne kam. Ka tambayi Zee cika ledar take yi ko rabi? Dan ni na san ko an haɗa biyu ba mai ƙarfin halin cika ta har baki, ana kaiwa rabi ake ɗaurewa dan tsoro. To sharar da mai kauri ɗaya za ta ɗauke sai ka yi mata zubi biyu, leda huɗu kenan, 200 a lissafinka. Ina rarar take? Ba a ma sa kuɗin omo da ruwan wanke dasbin ba, a unguwar da jarka muke saye wajen 'yan garuwa

Zee:
Gsky ba na cikawa Anti, amma ni daga ni sai maigida da yaro ɗaya, sharar tamu ba ta da yawa kuma kullum da daddare nake fitarwa saboda kyankyasai. Ko mai kaurin na saya ba zan bar ta kwana uku a kicin tana jiran cika ba da zafin garin nan, wari ne zai kore mu. Kin ga a wajena mai tsadar ce asara dan rabinta fanko zan jefar

Abban Khairat:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina aiki a kamfanin leda a Sharaɗa nan Kano, ɓangaren inji, bari in faɗi abin da na sani ko zai amfane ku, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ledar shara kusan duk daga roba iri ɗaya ake yin ta amma gida biyu ce. Akwai HDPE, ita ce in ka murza take ƙara ƙwas-ƙwas, siririya mara sheƙi. Akwai kuma LDPE da 'yar uwarta LLDPE, su laushi gare su da ɗan santsi, in ka ja suna miƙewa kafin su tsinke. Ita HDPE tana da ƙarfin ɗaukar nauyi duk da sirantarta shi ya sa kamfani ke son ta dan da roba kaɗan za a fitar da leda da yawa, matsalarta guda ce, ba ta jure tsini. Ƙashin kaza ko bakin gwangwanin tumatir ko tsinken tsire ya huda ta sau ɗaya, tsagar ba ta tsayawa, za ta bi ta har ƙasa. Mai laushin kuwa in abu ya tokare ta sai ta miƙe ta bi shi, in ma ta huje hujin a wajen yake tsayawa. Yawancin masu arhar da kuke magana HDPE ce, an yi ta ne dan kwandon ofis da na ɗaki, takarda, tishu, ledar biskit. Ba dan tuwon jiya da miyar kuka aka yi ta ba.

Na biyu kauri. Da maikiron ake auna shi, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. A inji ana narka ƙwayar robar ne a hura ta da iska ta tashi sama doguwa kamar balan-balan, abin naɗi na sama yana ja. In aka ƙara gudun jan ledar sai ta sirance, juya maɓalli ne kawai. Dan haka takarda ɗaya, suna ɗaya, adadi ɗaya, amma ta bana ta fi ta bara siranta kuma mai saye ba zai gane ba sai ta fashe masa.

Na uku abin da aka haɗa a ciki. Baƙar leda yawanci da tsohuwar roba da aka sake narkawa ake yin ta, baƙin launin yana rufe duk wani kalar da aka gauraya. Wannan ba laifi ba ne in an wanke an tace da kyau, amma in akwai yashi da datti a ciki kowane ɗigo wajen rauni ne. Sannan akwai farin gari irin na alli da ake ƙarawa dan a rage yawan robar, kaɗan ba ya komai, in ya yi yawa ledar ba ta miƙewa sai dai ta ɓalle.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri Abban Khairat, wlh na ƙaru. To amma tawa ba ƙashi ne ya huda ta ba, gindin ne ya buɗe gaba ɗaya a kan layin liƙin

Abban Khairat:
Wannan matsalar liƙi ce Hajiya. Ƙarfe mai zafi ne yake danne gindin ya liƙe shi. In zafin bai kai ba ko ana gudu da injin dan a cika adadin ranar, liƙin bai kama ba, in kuma zafin ya yi yawa gefen layin ya ƙone ya yi rauni. Ki duba gindin, akwai mai miƙaƙƙen layi ɗaya, akwai wadda aka tattaro gindin waje guda aka liƙe ya yi kamar dunƙule a tsakiya. Ta biyun ta fi zama daidai a dasbin mai zagaye kuma ta fi riƙe ruwa dan ba ta da kusurwar da ruwa zai taru ya danna. In kin sayi sabon naɗi ki yago ɗaya ki zuba mata ruwa kofi biyu uku ki ɗaga a tsakar gida, in za ta yi yoyo nan take za ki gani kafin ki kai ta kicin.

Malam Sani mai shago:
Maganar siranta gaskiya ce dan mu ma muna gani a bandir ɗin ledar awo da muke ɗaukowa a kasuwar Singa, bandir ɗin da da in ka ɗaga za ka ji shi a hannu yanzu shafal. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka saki naira a watan Yuni komai na roba ya tashi. Ana yin ƙwayar robar a Eleme can jihar Ribas amma da yawa shigo da ita ake yi, farashinta dala yake bi, ga dizal ɗin janareta. Mai kamfani in ya ƙara kuɗi mutane su gudu, sai ya rage kauri ya bar farashi kusa da yadda yake. Ban ce daidai ba ne amma dalilin kenan.

Anti Rabi:
To ai sai su rubuta gaskiya a jiki Malam. Ni abin da yake min ciwo kenan, ba arhar ba. In ka ce min wannan siririya ce ta takarda ce na sani na saya da sanina. Amma ka buga min hoton ƙaton dasbin cike ka rubuta mai ƙarfi, wannan algus ne, kuma haƙƙi ne ko naira biyar ce

Ummu Fadil:
Slm 'yan unguwa, ina biye da ku daga Manchesta. Nan ma wannan muhawarar ake yi wlh, kowane babban kanti irin su Tesco da Aldi da Lidl yana da ledar shara mai sunansa, akwai ta ƙasa mai arha akwai ta tsakiya akwai mai kauri ta aikin lambu da gini. Abin da ya taimake ni shi ne suna rubuta lita nawa take ɗauka, wasu har kaurin suna sawa, to sai na lura rabin fashewar da ake kuka da ita daga rashin daidaita girma ne. Dasbin ɗinki lita 50 kin sayi leda lita 30, kin ja bakinta da ƙarfi kin tufke a bakin dasbin, tun kafin a zuba komai ta riga ta gaji, kuma gindinta bai taɓa ƙasa ba a rataye take, duk abin da aka jefa a kan liƙin yake sauka. Ki sayi wadda ta ɗan fi dasbin ɗin girma ta zauna a ƙasa sosai a samu abin naɗewa a baki. Masu amfani da bokitin fenti lita 20 ne, ta lita 30 ta ishe ku.

Wani abu kuma, nan da yawa daga cikin ƙananan hukumomi suna ba da ɗan ƙaramin bokiti daban na ragowar abinci, to babbar ledar busasshen abu ne yawanci a cikinta shi ya sa mai arha take kai musu. Sharar gidajenmu ta daban ce, ga ƙasar da aka sharo daga tsakar gida ga toka ga ruwan wanke-wanke ga famfas, nauyi ne da ita sosai

Alhaji Ado:
Ni fa yaran nan duk maganar nan ban ga abin da ya kai mu sayen leda dan a zubar ba. Kuɗi ka sayi abu musamman dan ka jefar. A gidana buhun shinkafa ne, in ya ƙare a kakkaɓe a rataye a bayan ƙofar zaure, yaro ya zo ya ɗauka ya juye a bola ya dawo da shi. Buhu ɗaya sai ya yi watanni, kilo 50 aka yi shi ya ɗauka, ba ƙashin da zai tsaga shi

Maman Sadiq:
Baba Allah ya ƙara girma, buhun yana da kyau ga busasshiyar shara gsky, mu ma da shi muka tashi. Amma saƙa ce, ruwa yana bi, in aka zuba ragowar abinci ƙuda da tsutsa ne kwana biyu, kuma mu gidan sama muke haya ba tsakar gida, sai an sauko da shara ta matakala ta ƙofar maƙota. Masu motar da muke biya duk wata ma sun ce sai a ɗaure a leda suke ɗauka

Alhaji Ado:
To ku na gidan sama kuna da uzuri. Amma ragowar tuwo da shinkafa me ya kai su shara tun farko? A shanya, masu kiwo suna nema har saye suke yi. Abinci a cikin ƙazanta ba kyau ko a addini

Dakta Bashir:
Alhaji ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni aikin dabbobi nake yi kuma abin da nake gani a mayanka da wajen tiyata ba daɗin faɗa. Leda mai ragowar abinci a ciki, akwai gishiri akwai mai, akuya ko tunkiya ko saniya ta zo bola ba za ta iya kwancewa ba sai ta haɗiye da ledar. Ba ta narkewa, a tumbi take taruwa tana cuɗewa da igiya da tsumma har ta zama dunƙule, dabba tana ci kaɗan tana ramewa ciki kuma a kumbure, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza. Duk wanda yake gyaran kayan cikin ragon layya da kansa akwai yiwuwar ya taɓa cin karo da ita. Kuma siririyar ta fi shiga dan ta fi saurin yagewa ta fi sauƙin haɗiya, ita ce kuma iska take kwasa ta kai kwata. Da damina ku duba abin da ake fitarwa daga magudanan ruwa ranar tsaftar muhalli, leda ce da robar lemo. Dan haka in za a yi lissafin arha a sa wannan a ciki.

Zee:
Dakta amma mai kaurin ai robar da ke cikinta ta fi yawa, in kowa ya koma ita ba ƙara yawan roba aka yi a bolar ba? Tambaya nake tsakani da Allah

Dakta Bashir:
Tambaya ce mai kyau ƙanwata. In ɗaya mai kauri ta maye gurbin sirara huɗu kusan canjaras ne a nauyin roba, amma ita ta fi zuwa bola a ɗaure kuma masu tsince suna iya ɗaukarta su sayar a sake narkawa, siririya mai datti ba mai sunkuyawa ya ɗauka. A irin gidanki mai shara kaɗan kuwa siririya guda ɗaya ƙarama ta fi, in dai babu abinci a ciki. Hukumomi ma sun sa baki, wasu ta kauri suke bi wasu kuma hanawa suka yi, Legas daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da haramcin ledar da ba ta kai maikiron 40 ba, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya 2017, maƙotanmu Nijar ma suna da dokarsu tun 2014.

Malam Sani mai shago:
Doka kam akwai a Nijar amma duk mai zuwa Maraɗi ya san ana ɗaure kaya a baƙar leda a kasuwa. In ba a ba talaka abin da zai maye gurbinta a kuɗin da zai iya ba doka ba za ta yi aiki ba

Ummu Fadil:
Sannan dan Allah a yi hattara da wadda ake rubuta wa wai tana ruɓewa da kanta. Wata irin ba ruɓewa take ba, wani sinadari ake sa mata da zai sa ta farfashe ta zama ɓurɓushi in ta sha zafi da rana, robar tana nan sai dai ido ba ya gani, Tarayyar Turai ta hana irin wannan tun 2021. Kuma in ta daɗe a ajiye a waje mai zafi tun a cikin naɗin take fara mutuwa

Abban Khairat:
Haka ne, kuma ko wace iri ce kar a ajiye a rana ko kusa da murhu ko a but ɗin mota. Masu son sari da yawa su lura da wannan.

Ga hanya mafi sauƙi ta gane wadda ta fi, ba sai kun san maikiron ba. Leda biyu masu girma ɗaya, ku ɗora naɗin a sikeli ku raba nauyin da adadin da ke ciki. Wadda guda ɗayarta ta fi nauyi ita ta fi roba. Mu a kamfani da kilo ake lissafin komai, ba da guda ba. A cikin kanti ko ba sikeli ku ɗauki naɗin biyu a hannu biyu, za ku ga mai guda 30 wani lokacin bai kai mai guda 15 nauyi ba. In an dawo gida a ɗaga guda ɗaya a hasken taga, in kana hango yatsunka ta ciki ko ka ga waje duhu waje haske da ɗige-ɗige, kaurin bai daidaita ba. Sai a danna babban yatsa a hankali, mai kyau za ta miƙe ta yi tsini kafin ta ɓule, mara kyau nan take take tsagewa. Sai dai in an cika garin allin nan nauyi yana iya yaudara, shi ya sa gwajin yatsan yake da muhimmanci, a haɗa biyun.

Anti Rabi:
Wani abu da ba wanda ya ambata, yaran da suke kwashe mana sharar. Almajirin da yake min aiki ya taɓa zuwa da yanka a gefen ƙafa, ya saɓo leda daga wani gida ashe fasasshen kofin tangaran ne a ciki, ledar siririya ta ɓule ya yanke shi ta cikin wando. Na wanke masa na kai shi kemis amma raina ya ɓaci sosai ranar. Ɗan mutane ne fa, iyayensa suna can ƙauye. Ko mai kauri ka saya kwalba da reza sai sun fito, dan Allah a naɗe su a kwali ko tsohuwar jarida a ɗaure daban a kuma gaya wa yaron. Masu allurar ciwon suga a gida a zuba alluran a gorar roba mai kauri a murɗe murfin. Murfin gwangwani a tura shi ciki a matse bakin

Dakta Bashir:
Allah ya biya ki Anti. 'Yan jari bola ma da hannu suke yaga ledar suna neman ƙarfe da roba, in aka ware musu gwangwani da gora a gefe ba ma za su taɓa ɗaurin ba

Maman Sadiq:
To ni dai ga abin da zan gwada, ku gyara min in da kuskure. Ɗakuna da banɗaki zan bar mai arhar tunda tishu ne da takarda. Kicin zan nemi mai laushin nan mai tattararren gindi wadda ta ɗan fi dasbin girma, in shimfiɗa kwali a ƙasanta, ruwan miya da na wanke-wanke a tace kafin a zuba. Ragowar tuwo kuma zan bi maganar Baba in shanya a baranda, akwai mai kiwon tumaki a bayan layinmu. Famfas ne ban san ya zan yi da shi ba dan shi ne ya fi komai nauyi da wari

Zee:
Famfas ki ɗaure kowane ɗaya a ledar cefane da ake ba ki a shago kafin ki jefa, ni haka nake yi, warin yana raguwa sosai kuma ledar cefanen ta yi amfani sau biyu

Alhaji Ado:
Ƙasar shara da toka kuma kar ku sa a leda ko wace iri ce, a buhu ko tsohon bokiti. In ba ku da buhu ku aiko yaro gidana akwai

Malam Sani mai shago:
Ina ganin tunda mu da yawa ne gara mu haɗa kuɗi a ɗauko da kilo a raba, ya fi sauƙi akan naɗi ɗai-ɗai na kanti. Abban Khairat za ka iya samo mana samfur kala biyu ko uku mu gwada kafin a sa kuɗi?

Abban Khairat:
In sha Allah zan nemo, na lita 30 da na 50 da kuma babba ta masu durom. Asabar mai zuwa ta ƙarshen wata ce akwai tsaftar muhalli, sai an buɗe hanya ƙarfe 10 zan kawo shagonka. Ka tanadi sikelinka da bokitin ruwa

Anti Rabi:
A sa sunana ta lita 50. Amma sai na danna yatsana a jiki tukun kafin in ba da ko sisi

Maman Sadiq:
Ni ma a sa ni, da ƙanwar maigidana da take hawa na biyu. Malam Sani in samfurin ya iso ka yi magana a nan zan turo Sadiq ya karɓo min guda ɗaya ta kowane kala